Ra'ayinmu: A Kawo Kuɗin Rigakafi Tun Ba A Kai Ga Kuɗin Jaje Ba

Duk wanda ya daɗe da zama a nan Kurmi ya san yadda abin yake tafiya, har ma ya haddace shi. 'Yar hatsaniya ce za ta tashi a bakin kasuwa ko a tashar mota, tsakanin ɗan dako da mai shago, ko tsakanin ɗan acaɓa da mai tafiya a ƙasa. Kafin a ce kwabo magana ta sake kama, ta tashi daga faɗan mutum biyu ta koma faɗan ƙabila da ƙabila. A ƙone rumfuna, a yi hasarar rayuka, hukuma ta sa dokar hana fita. Bayan kwana uku ko huɗu sai ga manya sun iso cikin jerin gwanon motoci, a yi jawabai, a raba buhunan shinkafa da tabarmi da 'yan kuɗin jaje, a kafa kwamitin bincike. Daga nan kowa ya kama gabansa, ba a sake jin ɗuriyar kowa sai ran da wata wutar ta tashi.

Mu a wannan shafi ba mu raina jaje ba, domin wanda aka ƙone wa rumfa ko mudun gari aka ba shi an rage masa zafi. Abin da muke cewa shi ne, da ana kashe ɗan kaɗan daga cikin abin da ake kashewa bayan ɓarna, a kashe shi tun da wuri a unguwannin da kowa ya san zama ya yi tsami a cikinsu, da mutane da yawa daga cikin waɗanda muka binne suna nan da ransu. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Ita ma Gwamnati ta yarda da haka a takarda, har ta sha ware kuɗi da sunan haka. Tambayarmu ita ce, ina kuɗin nan suke tsayawa, me kuma ya hana su isa Sabo da Shasha da Agege da Idi-Araba?

Bari mu tuna wa mai karatu abin da ya wuce, domin mantuwa ce babbar cutarmu. A watan Yuli na 1999 aka yi rikicin Shagamu, garin da fataken goro suka yi shekara da shekaru suna zaune lafiya da masu shi. Asalinsa bikin Oro ne, wanda al'adar Yarbawa ta hana mata fita a darensa, aka ce wata Bahaushiya ta fita. Mutane da dama suka halaka, da labari ya isa Kano kuma sai ramuwar gayya ta tashi can, waɗanda ba su san hawa ba, ba su san sauka ba, suka biya da rayukansu. A watan Nuwamba na wannan shekara aka gwabza a Ketu da Mile 12 a kan shugabancin kasuwa. A watan Fabrairu na 2002 aka yi kwanaki ana kashe-kashe a Idi-Araba, kusan mutum 100 suka mutu, sai da aka fito da soja. A watan Maris na 2016 Mile 12 ta sake kamawa a dalilin wani ɗan acaɓa, har Gwamna Ambode ya rufe kasuwar kimanin mako biyu. A watan Maris na 2017 aka yi na Sabon Ile-Ife, inda 'yan sanda da bakinsu suka ce mutum 46 ne suka rasu.

Na Shasha kuwa, a Ƙaramar Hukumar Akinyele ta Jihar Oyo, a watan Fabrairu na 2021 aka yi shi, kuma kowa ya san mafarinsa bai taka kara ya karya ba. Kayan gwari ne suka zube daga hannun ɗan dako a ƙofar shagon wata mace, cacar baki ta kaure, wani mai gyaran takalmi ya sa baki, aka buge shi, daga baya rai ya yi halinsa. Da labarin mutuwarsa ya bazu sai kasuwa ta kama da wuta. Gwamna Makinde ya rufe ta, ya sa dokar hana fita. Gwamnonin Kano da Kebbi da Neja da Zamfara suka zo Badun jaje. A ƙarshen watan kuma ƙungiyar fataken abinci da dabbobi ta hana shigo da kaya Kudu na wasu kwanaki, tumatir ya yi ta ruɓewa a hannun manoman Arewa, a Ikko kuwa farashinsa ya yi tashin gwauron zabi. Kowa ya yi hasara, daga manomi har mai miya.

Abin lura a duk waɗannan shi ne, tsakanin tartsatsin farko da tashin gobara akwai sa'o'i, wani lokaci ma kwana guda cur. A cikin waɗannan sa'o'i ne ake cin nasara ko a faɗi. Inda akwai dattawa goma, biyar daga masu gari, biyar daga baƙi, waɗanda suka saba zama tare, kowa yana da lambar wayar ɗan'uwansa, DPO ya san su kuma yana ɗaga wayarsu, to su ne za su ruga asibiti, su tafi gidan mamaci tare, su miƙa wanda ya yi laifi ga hukuma a gaban idon jama'a, su sa a yi shela a masallaci da coci cewa maganar mutum biyu ce kuma tana hannun 'yan sanda. Motar sulke ba ta iya wannan aiki, domin ita sai wuta ta tashi take isowa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma irin wannan kwamiti ba ya tsayuwa da fatar baki. Yana bukatar wurin zama, da kuɗin mota, da kuɗin waya, da magatakarda, da tafinta. Kuɗi ne kaɗan, amma sai an ba da su a kai a kai.

Haka zancen yake game da ta'addanci, wanda mu mazauna Kudu yake cin mu ta fuska biyu. Da yawa daga cikin yaran da ke tura baro da sayar da ruwa da gadi a Ikko da Fatakwal, Boko Haram ce ko 'yan bindigar daji suka raba su da gonakin iyayensu. Sun gudo ke nan, sai kuma su tarar a nan su ne abin zargi. A watan Yuni na 2014 soja suka tsare matafiya 'yan Arewa 486 a Jihar Abiya bisa zargin ko 'yan Boko Haram ne, daga baya aka saki akasarinsu. A watan Agusta na 2019 aka tsare samari 123 daga Jihar Jigawa da suka shigo Ikko cikin babbar mota da baburansu, aka bincika, aka sake su. Sai dai kada mu ruɗi kanmu cewa tsoron masu gari ba shi da tushe. Ran 5 ga watan Yuni na 2022 'yan bindiga suka shiga wata coci a Owo ta Jihar Ondo suka kashe mutum 40 ko fiye, Gwamnatin Tarayya ta ɗora alhakin a kan ISWAP. Mugun da ke son ɓuya a Kudu cikinmu zai nemi sajewa, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mu ne kuwa muka fi kowa iya gane shi, daga harshensa da irin wa'azinsa da mutanen da ke kawo masa ziyara da dare. Saboda haka tallafa wa unguwa ta san wanda ya shigo cikinta tsaron ƙasa ne baki ɗaya.

To, me Gwamnati ta yi? A takarda ta yi da yawa. Tun 1984 aka kafa kwamitocin hulɗa tsakanin 'yan sanda da jama'a. A 2017 Gwamnatin Tarayya ta fito da wani kundin manufa na rigakafin tsattsauran ra'ayi mai kai ga zub da jini, a ƙarƙashin ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara Kan Tsaro, wanda ya amince cewa bindiga kaɗai ba ta gama wannan yaƙi sai an haɗa da malamai da mata da matasa da sarakuna. A watan Agusta na 2020 aka ba da sanarwar cewa Shugaba Muhammadu Buhari ya amince a fitar da Naira miliyan dubu 13 da miliyan 300 domin fara shirin 'yan sandan al'umma. A watan Satumba na wannan shekara ya sa hannu a sabuwar Dokar 'Yan Sanda, wadda ta maye gurbin ta zamanin Turawa ta 1943, ta kuma tanadi kwamitocin tsaron al'umma tun daga jiha har zuwa kowane yanki na 'yan sanda.

In aka raba waɗannan kuɗi daidai wa daida ga ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan, kowace za ta tashi da kimanin Naira miliyan 17. Abin da jama'a suka gani da idonsu dai shi ne an ɗauki kuratan 'yan sandan sa-kai, an ba su horo da kaki. A 2022 wasu daga cikinsu suka fito zanga-zanga a Oshogbo suna cewa sun yi watanni ba a biya su ko kwabo ba, hukumar 'yan sanda ta amsa musu cewa ai aikin na sa-kai ne tun asali. Mai karatu ya tambayi kansa: a unguwarsa, ya taɓa ganin an liƙa takarda a caji ofis ko a sakatariyar ƙaramar hukuma mai nuna nawa aka ba kwamitin tsaro, da abin da aka yi da su? Ya san sunan wanda ke wakiltar 'yan Arewa a wannan kwamiti? Ya kuma lura cewa wata shida kacal bayan sanarwar kuɗin nan Shasha ta ƙone.

Ba rashin kuɗi ne ke damun ƙasar nan ba. A 2018 ƙungiyar Transparency International ta ƙiyasta cewa abin da ake fitarwa kowace shekara da sunan kuɗin tsaro na gwamnoni da wasu manyan jami'ai, wanda ba mai binciken yadda aka kashe shi, ya kai dala miliyan 670, watau kimanin Naira miliyan dubu 241 a canjin wancan lokaci. Wannan ya ninka kuɗin 'yan sandan al'umma sau 18, kuma shi kowace shekara ne. Jihar Ikko ta kafa Asusun Tsaro a 2007 zamanin Gwamna Fashola, inda gwamnati da kamfanoni ke zuba kuɗi, kuma abin yabo ne yadda ake taron shekara-shekara ana bayyana abin da ya shigo da abin da ya fita. Sai dai akasarin aikinsa sayen motoci ne da babura da kayan aikin jami'an tsaro. Jihar ta kuma yi dokar dakarun tsaron unguwanni a 2016, jihohin Yamma suka ƙaddamar da Amotekun a Badun a watan Janairu na 2020. Duk waɗannan suna da amfaninsu, amma dukkansu maganar kaki ce da mota. Ɓangaren sulhu da sasantawa, wanda ya fi kowanne araha, shi ne maraya.

Dole mu ja kunne a nan, domin akwai masu ɗauka cewa da an ce tsaron al'umma ana nufin a tara samari a ba su kulki da bindiga su tare hanya. Abin da ya faru a Uromi ta Jihar Edo a watan Maris na 2025 ya isa wa'azi. Mafarauta ne 'yan Arewa suka taso daga Jihar Ribas za su gida Kano yin Sallah, 'yan banga suka tsayar da motarsu, suka ga bindigogin farauta, aka yi musu ihun masu satar mutane, taron jama'a ya kashe mutum 16. Gwamna Okpebholo ya dakatar da kwamandan rundunar tsaron jihar, ya haramta ƙungiyoyin banga marasa rajista, ya tafi Kano ta'aziyya. Ihu bayan hari ke nan. Da a ce a wannan gari akwai kwamitin haɗin gwiwa da 'yan banga suka saba kira kafin su yanke hukunci, da wanda zai yi tafinta, da umurni mai ƙarfi cewa duk wanda aka kama sai caji ofis, da wataƙila ba a kai ga haka ba. Banga marar horo da marar mai tsawata masa, shi kansa wata fitina ce. Kuɗin da muke nema na zama ne da magana da sanin juna, ko harsashi ɗaya kada a saya da su.

Irin wannan aiki ba baƙo ba ne a ƙasar nan. A Kaduna, Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye, waɗanda a da kowannensu ke jagorantar matasa masu gaba da juna, har Faston ya rasa hannunsa a rikicin 1992, sun haɗa kai a 1995 suka kafa cibiyar sasanta mabiya addinai. Suna cikin waɗanda suka shiga tsakani bayan kashe-kashen Yelwan Shendam na 2004, har aka sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya a 2005. Jihar Filato ta kafa hukumar gina zaman lafiya a 2016, Jihar Kaduna ta kafa tata a 2017. Akwai kuma wani asusu na duniya mai suna GCERF da aka kafa a 2014 a ƙasar Suwizalan, wanda gwamnatoci ke zuba wa kuɗi shi kuma yana raba wa ƙananan ƙungiyoyi na cikin gari, Nijeriya tana cikin ƙasashe uku na farko da ya fara aiki a cikinsu. Ba mu ce waɗannan sun kawo ƙarshen rikici a wuraren nan ba. Amma sun nuna cewa sulhu sana'a ce da ake koya, ana kuma iya ware mata kuɗi a kasafi kamar yadda ake ware wa asibiti.

Akwai kuma darasi daga Amurka, inda aka gwada ba ƙungiyoyin jama'a irin wannan tallafi kai tsaye. A 2016 Ma'aikatar Tsaron Cikin Gida ta ƙasar ta buɗe shiri na dala miliyan 10 domin makarantu da 'yan sandan gari da ƙungiyoyin sa-kai su nema. Da gwamnati ta sauya a 2017 sai aka sake jerin waɗanda za a ba, aka janye dala 400,000 da aka yi wa ƙungiyar Life After Hate alkawari, wadda aikinta shi ne janyo mutane daga ƙungiyoyin farar fata masu wariyar launi. A wannan shekara wata ƙungiyar matasan Somaliya a Jihar Minnesota mai suna Ka Joog ta ƙi karɓar kusan dala 500,000 da aka ba ta, domin jama'arta sun daina amincewa da niyyar gwamnati. An farfaɗo da shirin a 2020 da dala miliyan 10, aka ninka shi zuwa miliyan 20 a 2021, sai kuma a 2025 aka zaftare ma'aikatan ofishin aka soke da yawa daga cikin tallafin. Darasi biyu muka ɗauka. Tallafin da ya dogara ga ra'ayin mai mulki, ran da mai mulki ya sauka shi ma ya sauka. Tallafin da jama'a suka ɗauka ladan leƙen asirinsu ne kuwa, mutumin kirki ba zai karɓa ba.

Saboda haka muna kira ga Gwamnatin Tarayya, da gwamnatocin jihohin Kudu, da ƙananan hukumomi, musamman tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Yuli na 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, da su ware wani kaso sananne domin rigakafin fitina a unguwanni da kasuwanni, bisa waɗannan sharuɗɗa.

Na farko, a kafa shi da doka, a sa shi cikin kasafin kowace shekara, kada ya zama kyautar da ake rabawa gab da zaɓe. Na biyu, kada a ba Hausawa su kaɗai, kada kuma a ba masu gari su kaɗai. A ba kwamitin da ya haɗa Bale da Sarkin Hausawa, da shugabannin kasuwa maza da mata, da liman da fasto, da wakilan 'yan acaɓa da 'yan dako da direbobi, da Ibo da sauran ƙabilun da ke wurin, kuma kuɗi kada su fita daga banki sai da sa hannun ɓangarori biyu. Na uku, a sa mata da matasa a ciki da gaske. Rikicin Shagamu da na Ile-Ife da na Shasha duk da mace a mafarinsu, masu ɗaukar makami kuwa samari ne, amma in an zo zaman sulhu sai ka ga dattawa maza zalla. Na huɗu, kowane wata uku a liƙa lissafi a ƙofar kasuwa da Hausa da harshen masu gari da Turanci, mai binciken kuɗi na gwamnati ya duba, wanda ya ci a kai shi kotu ko wane ne shi. Na biyar, a raba aikin kwamiti da aikin 'yan sandan ciki. Kwamiti ya kai rahoton mugu a fili bisa yardar jama'a, amma kada a mai da shi ma'aikatar tsegumi.

Me za a yi da kuɗin? Abubuwa ne ƙanana waɗanda kowa zai gani. A ɗauki tafinta a caji ofis da kasuwa, domin sau da yawa yaron da ya sauka daga mota jiya ba ya jin Yarbanci ba ya jin Turancin buroka, in an zage shi bai sani ba, in an tambaye shi ya yi shiru a ce taurin kai ne. A buɗe ajin dare na yaƙi da jahilci da koyon harshen gari. A buga kalandar bukukuwa, a sanar da baƙi ranakun Oro da Egungun tun da sauran mako guda, a sanar da masu gari ranakun Idi da Maulidi da hanyoyin da za a tare. A yi rajistar sababbin zuwa a ba su katin shaida mai sunan wanda ya tsaya musu. A ajiye ɗan asusu na biyan ƙaramar ɓarna nan take, kamar kayan da suka zube ko babur da ya goge mota, kafin magana ta yi tsawo. A sa fitilu, a gina makewayi a kasuwa. A naɗa mutane sanannu waɗanda in jita-jita ta tashi a WhatsApp za su bincika su faɗi gaskiya cikin sa'a guda. A sa yaran da aka raba da acaɓa a koyon sana'a, domin tun da Jihar Ikko ta hana acaɓa a wasu sassanta a 2020 da 2022 samari da yawa suka rasa abin yi, zaman banza kuwa shi ne gonar mai neman mabiya.

Mun san za a ce mana kuɗin nan cinye su za a yi, an ba kura ajiyar nama. Wannan tsoro yana da hujja, domin mun sha gani. Amma Naira miliyan ɗaya da aka liƙa lissafinta a ƙofar kasuwa, inda mai tumatir da mai nama za su karanta, ta fi wuyar sata a kan miliyan dubu da aka kulle a ofis da sunan sirrin tsaro. Za a kuma ce tsaro aikin gwamnati ne, kada ta jibga wa talaka. Gaskiya ne, sashe na 14 na Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora tsaro da jin daɗin jama'a a wuyan gwamnati, sashe na 41 kuma ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin zama a duk inda ya ga dama. Kwamitin unguwa ba zai maye gurbin 'yan sanda da kotu ba, kuma duk sulhun da za a yi, in ba a hukunta masu kisa ba, ɗinki ne a kan ruɓaɓɓen ƙyalle. Abin da muke nema shi ne gwamnati ta sauke nauyin da ke kanta ta hanyar da ta fi araha, ta kuma fi saurin isa wurin.

Yanzu sai mu juyo kanmu, 'yan'uwa, domin gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. In gobe gwamnati ta ce ga kuɗin, wa za ta ba? A garuruwa da yawa sarautar Hausawa ta rabu biyu ko uku, kowa da 'yan korensa, kowa da ɗan siyasar da yake bi. Ƙungiyoyinmu da yawa ba su da rajista, ba su da asusun banki, ba su da littafin lissafi. Kullum ana karɓar kuɗi a hannun 'yan dako da masu rumfa da direbobi, amma ba mai iya gaya maka nawa aka tara a wata. Wanda bai iya riƙe amanar kuɗin 'yan'uwansa ba, da wane baki zai nemi na gwamnati? A Jihar Ikko akwai ƙungiyoyin raya unguwa da gwamnati ta san da zamansu, takan kuma ba su tallafi domin aikin gayya, amma mu nawa ne muke zuwa taronsu? Akwai hukumar rajistar mazauna jihar, mu nawa ne muka karɓi katinta? Sabon Badun tun 1916 aka kafa shi. Wanda kakansa ya haifi ubansa a wuri, bai kamata ya riƙa zama kamar mai jiran mota ba.

Daɗin daɗawa, mu daina ɓoye mai laifi don kawai yarenmu ɗaya. Ɓarawo ko mai sayar da ƙwaya ko mai wa'azin zub da jini, in muka rufa masa asiri yau, gobe rumfunanmu ne za su biya. Masu saukar da baƙi su san wanda suka saukar, daga wane gari yake, wa ya san shi. Shugabannin mafarauta da na direbobi su hana mutanensu doguwar tafiya da makami ba tare da takardar izini da sanar da hukuma ba. Malamanmu su riƙa tuna wa jama'a haƙƙin maƙwabci, ko da addini bai zo ɗaya ba. Attajiranmu da ke Ikko da Badun da Anaca da Fatakwal kuwa kada su jira gwamnati, su fara zuba nasu, domin wanda ya zo da rabin kuɗin aiki a hannu ya fi mai zuwa hannu rabbana samun kunnen hukuma.

Muna roƙon kowane Sarkin Hausawa da kowane shugaban kasuwa da ya karanta wannan shafi, kafin wata ya ƙare ya taka ya je wurin Bale ko Oba na yankinsa, su tafi tare wurin DPO da shugaban ƙaramar hukuma, su tambayi ina kwamitin da Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta tanada, su wane ne a ciki, nawa aka ware masa. Su rubuta takarda, su ajiye kwafi. In an yi musu shiru su sake komawa. Gwamnonin Arewa da ke zuwa jaje su ma muna roƙonsu su zo tun ana zaune lafiya, su zauna da takwarorinsu na Kudu a kan wannan magana. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Shagamu da Idi-Araba da Ile-Ife da Shasha da Uromi sun ishe mu. Allah ya ji ƙan waɗanda suka rasu, ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu.